Ranar Da Na Kifar Da Jirgin Yaƙi A Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar bakina bai huta ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon mai taki, wannan ya tambaye ni ko na sha ruwan Nilu, wancan ya ce wai da gaske ne can burodi ya fi tuwo daraja. Abin da ya fi damuna shi ne wani labari da ya riga ni isowa Gusau, wai na je ƙasar mutane na kifar da jirgin yaƙi. Labarin gaskiya ne, amma ba yadda ake yayata shi ba. Don haka na ce bari in zauna in rubuta shi, duk mai tambaya a miƙa masa ya karanta, ni kuma in sha shayina da zafinsa.

Sunana Lawali, malamin gona ne ni kafin in ajiye aiki. A danginmu abu ɗaya aka san ni da shi: idan za a je neman aure ni ake sawa gaba. Allah Ya ba ni baki, kuma ban taɓa zuwa gidan mutane da goro na dawo da shi ba. Nazifi ɗan wana marigayi ne, a hannuna ya tashi, ya tafi Alƙahira karatun addini. Wata rana ya bugo waya, bayan doguwar gaisuwa da kewaye-kewaye ya ce ya ga yarinya. Sunanta Amna, Bahaushiya ce amma ta Sudan, zuriyar mutanenmu da suka nufi Makka a ƙafa tun zamanin kakanni suka yi zamansu a hanya. Faɗan da ya ɓarke a ƙasarsu ne ya koro su Masar. Yarinya tana so, uwarta ta yarda, amma uban bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk wanda aka tura sai ya sha shayi ya fito yadda ya shiga. Ga shi karatun Nazifi ya zo ƙarshe, takardar zamansa ta kusa ƙarewa. Ya ce, "Baffa, in ba kai ka zo ba, haka zan dawo in bar ta."

Maiɗakina Rabi ta haɗa mini kaya kamar wanda zai yi ƙaura. Kilishi, kuka, daddawa, yaji, ga goro fari zaɓaɓɓe a cikin ganye. Ta sa aka ɗinka mini sabuwar babbar riga ta shadda, wai kada a ce dangin ango ba su da tufafi. Da sassafe na shiga motar Kano, don yanzu ba mai hankalin da zai bi hanyarmu da yamma. Mun wuce Tsafe da Funtuwa lafiya, sai a wajen Malumfashi tayar baya ta yi faci, muka zauna gindin mangwaro muna cin gyaɗa har aka gyara.

Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai wannan karon. Kusa da ni wata hajiya ce 'yar kasuwa mai sarin abaya, wadda ta saba da hanyar kamar zuwa cefane. Da ta ga na riƙe hannun kujera ina ta salati, sai ta shiga ja na da hira. Ta ce Larabcin da na koya a makarantar allo in bar shi a jaka, don na Masarawa daban yake. Kalma uku ta koya mini: in abu ya yi daidai in ce tamam, in an gama magana in ce khalas, in na yi laifi ko an yi mini in ce ma'alish. Ta ce da waɗannan ta yi shekaru tana ciniki.

A filin jirgi wani jami'i mai gashin baki ya buɗe jakata. Kilishi bai dame shi ba, daddawa ce ta sa ya ja da baya ya kira abokinsa. Da suka zo kan goro sai suka tsaya suna jujjuya shi. Na ɓara ɗaya na ci don su ga ba guba ba ne, na miƙa masa ɓari. Ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya dube ni da tausayi kamar mai cewa, bawan Allah, abin da kuke ci ke nan a ƙasarku? Abokinsa ya yi ta dariya har da dukan tebur. Na ce ma'alish, ya ce khalas, suka rufe jaka na wuce.

Nazifi ya tarbe ni ya rame, ban sani ba ko karatu ne ko soyayya. Unguwarsu ana kiranta Arba wa Nus, can gabashin gari, cike da 'yan Sudan da sauran baƙin Afirka. Gidajen jan bulo ne dogaye a matse da juna, ba shafe ba fenti. Ɗakinsu yana can sama, kafin in kai sai da gwiwoyina suka tuna mini shekaruna. Abokan zamansa suka bar mini katifa mafi kauri, suka yi ta ce mini Baffa kamar su ma ni na haife su.

Da safe aka kawo ful, wato wake dafaffe da aka dama da mai da lemun tsami, da burodinsu mai faɗi kamar faifai. Na ci, na jira a kawo abinci, ashe shi ke nan. Na leƙa ta taga na ga wata mata daga bene ta zuro kwando da igiya, mai kayan miya ya zuba mata tumatir a ciki ta janye abinta ba tare da ta sauko ba. Na ce lallai idan Rabi ta ga wannan dabara sai ta sa na gina bene. Wani kuma ya wuce a keke da katakon burodi mai tsawon ƙofa a kansa, yana ratsa motoci ko a jikinsa. Maza in sun haɗu sai su sumbaci juna a kumatu. Wani maƙwabcinsu ya nufo ni da haka, na miƙa masa hannu biyu tun daga nesa.

Bayan la'asar na saka babbar rigata muka tafi gidan su Amna, ba nisa. Mahaifiyarta, Hajja Batula, ta tarbe mu da fara'a da wata Hausa mai daɗi, tsohuwa, irin wadda rabona da jin ta tun daga bakin kakata, sai dai an yayyafa mata Larabci. Aka kai mu wani ɗan falo mai ƙofa a buɗe zuwa baranda. A tsakiya ga tebur, a bayansa ga uban yarinyar, Alhaji Abdurrahim, dogo, siriri, cikin farar jallabiya, ya sunkuya yana kallon wani abu.

A nan na fara ganin abin da Masarawa ke kira bazil. Hoto ne ake mannawa a kwali, a yayyanka shi guntu-guntu, kowane guntu da 'yan kunnuwa da 'yan ramuka, a zuba a akwati a hautsine. Aikinka shi ne ka mayar da kowane mazauninsa har hoton ya dawo. A raina na ce ikon Allah, a sami hoto lafiyayye a yayyaga shi, sannan dattijo ya zauna yana gyara ɓarnar. Nasa hoton jirgin ruwan yaƙi ne, toka-toka, da bindigogi da eriya, yana keta teku. Ya kusa gamawa, saura sararin sama kawai.

Alhaji ya amsa gaisuwa da mutunci amma idonsa na kan tebur. Aka kawo gahawa mai citta a 'yan ƙananan kofuna. Na gyara murya na fara. Na yabi Annabi, na kawo asalin gidanmu, na kawo halin Nazifi tun yana yaro. Magana tana zuba yadda na saba. Shi kuwa sai ya ɗauki guntu shuɗi, ya gwada nan, ya gwada can, ya ajiye. Da na ga haka na ce bari in miƙe in ajiye masa goro a gabansa da hannuna, ko ya ɗago kai. Na tashi, na yarfa hannun riga bisa kafaɗa kamar yadda kowane mai babbar riga ke yi, na sunkuya. Sabuwar shadda mai santsi ta zame, hannun rigar ya sauko da nauyinsa ya share teburin nan tas.

Jirgin ya dare biyu, ya zube. Wasu guntaye suka shige ƙarƙashin kujera, wasu suka faɗa cikin gahawa, wasu suka gangara baranda suka bi iska zuwa titi. Ni da aka sani da baki na laluba cikina ban sami komai ba sai kalmar hajiyar jirgi. Na ce, "Ma'alish, Alhaji."

Ya daɗe yana kallon teburin. Ya ce, "Tun kafin azumi nake haɗa shi." Ya tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Da muka fito, ganin halin da Nazifi ya shiga ne ya fi ci mini rai. Ya zauna a bakin wani shago ya haɗa kai da gwiwa. Yaron nan bai taɓa roƙona wani abu babba ba sai wannan, na taso tun daga Gusau na zo na rushe masa shi da hannun riga. Ko abincin dare ban iya ci ba.

Washegari na saka kaftani mai matsattsen hannu na koma ni kaɗai. Hajja Batula ta tsaya da ni a bakin ƙofa ta ba ni labarin mijinta cikin ƙasa da murya. Makanike ne a rundunar sojan ruwa a Bur Sudan, garin bakin tekun ƙasarsu, ya yi rayuwarsa cikin injin jirage, ya yi ritaya ya gina gida a Khartum. Gidan suka bari da komai a ciki. Tun da suka zo Masar ba ya fita sai masallacin ƙasan bene, ba ya hira, har suka fara tsoron kada zuciyarsa ta buga. Amna ce ta sayo masa bazil na farko. Kullum in ta dawo daga kantin maganin da take aiki sai ta zauna gefensa, ita ke haɗa masa sama domin idonsa ba ya rarrabe shuɗi da shuɗi. Ta ce, "Ba yaronku yake ƙi ba, Malam. Nisan ƙasarku yake tsoro. Ya rasa gida, ba ya so ya rasa wannan ma."

Na roƙe ta ta bar ni in shiga. Sun tattara guntayen a faranti, na zauna na zube su a tebur na fara gwadawa. Can sai na ji ƙofa ta buɗe. Alhaji ya tsaya a kaina yana kallo, ni kuma ina ta danna wani guntu da babban yatsa don ya shiga inda ba wurinsa ba. Da abin ya ishe shi sai ya doke mini hannu kamar yaro, ya ce ba a yi masa dole, kuma da gefe ake farawa, masu miƙaƙƙen baki. Ya jawo kujera.

Haka na zama ɗan makarantarsa. Kullum da hantsi in zo, mu zauna har azahar. Na ƙudurta ba zan sake tayar da zancen aure ba sai shi ya nema, kuma wallahi noman rani bai taɓa ba ni wahala kamar riƙe bakin nan ba. Ban iya wasan ba ko kaɗan. In na yi sa'a na saka guntu ɗaya daidai sai in yi kabbara, shi kuma ya ce tamam ba tare da ya ɗago ba. Amma a hankali sai ya fara magana. Ya nuna mini inda kyaftin ke tsayawa, da inda ake kwana kamar kaji a akurki, da can ƙasa inda ba a gani a hoto, inda shi ya yi aikinsa cikin zafi da ƙarar inji. Ya ba ni labarin kifi mai tashi sama ya faɗo cikin jirgi, na ce Alhaji a ji tsoron Allah. A nan na fara jin dariyarsa. Ni kuma na ba shi labarin yadda jaki ya taɓa cinye mini takardun rabon iri a gaban manoma. Hajja Batula tana kawo mana kisra, wata irin waina mai faɗi siririya, da miyar kuɓewa. Ran da na ba ta kuka da daddawa ta shinshina ta ce warin gidan kakarta ke nan.

Jirgi ya sake haɗuwa, amma da ramuka. Guntayen da suka bi iska sun tafi, har da na kan bindigar gaba. Na ce zan je kasuwar Ataba in nemo masa wani, tunda an ce can ake sayar da su. Ya tambaye ni wa zai raka ni, na ce Nazifi yana jarrabawa, ni kaɗai zan je. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce za a sayar mini da jirgin kamun kifi a ce na yaƙi ne, in karɓa ina godiya. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da rawani a kansa da sanda a hannu. Hajja Batula ta tsaya a ƙofar kicin ta rufe baki da mayafi, kada ya fasa.

Ƙaramar bas muka shiga, direban yana tuƙi da hannu ɗaya yana shan shayi da ɗayan. Ataba kuwa, ku haɗa Kantin Kwari da Sabon Gari da Kurmi ku zuba a titi guda, sannan ku sako motoci a ciki. Tsallaka titi a can sai da tawakkali. Alhaji ya kama hannuna ya ɗaga sandarsa ya kutsa, motoci suna kauce mana da kyar, ni ina ta kalmar shahada.

Muka sami wani lungu na masu kayan wasa. Shagon da muka shiga tun daga ƙasa har rufi akwatunan bazil ne. Ga dalar Fir'auna, ga hasumiyar Alƙahira, ga babban masallacin kan tudu, ga wata ganuwa ta bakin teku a Iskandariyya, ga jirage iri-iri. Ashe ba yara kaɗai ke saye ba, na ga wani mai furfura da matarsa suna gardama a kan wanda za su ɗauka. Irin jirgin da na kifar ya ƙare. Mai shagon, wani mai tumbi da barkwanci, ya sauko da wani ya ce ai duk ɗaya ne. Alhaji ya tsaya ya yi masa bayanin bambancinsu da Larabci, da hannu da sanda, har masu wucewa suka tsaya saurare. Daga ƙarshe ya zaɓi wani dogo mai ɗauke da jirgi mai saukar ungulu a bayansa. Muna fita mai shagon ya ce, in muna da hoton kanmu ko na garinmu mu kawo, akwai mai yanka musu.

Muka tsaya shan ruwan rake mai sanyi, wanda suke matsewa a gabanka. Alhaji ya ce shi ko hoton gidansa ba shi da shi, balle na garin asali. Ya ce kakarsa Tumba, wadda aka ɗauko tana budurwa aka yi gabas da ita, har ta mutu tana zancen wani dutse a garinsu, mai tsawo, wanda mikiya ke sheƙa a kansa. Tana kiransa Kwatarkwashi. Bai sani ba ko akwai shi da gaske ko tatsuniyar tsofaffi ce.

Saura kaɗan in ƙware. Na ce masa dutsen nan yana nan daram, daga Gusau ba nisa, a gindinsa na yi shekaru ina koya wa manoma zuba taki. Ya ajiye kofinsa ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Har muka iso gida yana yi mini tambayoyi, me ake nomawa, akwai ruwa, mutanen suna da kirki.

A ranar na buga wa 'yata Zainab waya na ce ta tura mijinta ya ɗauko mini hoton dutsen. Ya hau babur ya je, ya turo. Hoton ya yi kyau, sai dai wani jaki ɗauke da kara ya shigo ta gefe ya tsaya kamar an gayyace shi. Amna ta karɓa ta kai Ataba aka yanka. Na ce kada a manna hoton a bayan akwati.

Na kai masa ranar wata Alhamis na ce ga wani, amma ba samfuri. Ya zube guntayen ya ga duk toka-toka ne, ya ce wannan wane irin jirgi ne. Na ce ya haɗa ya gani. Muka yi gefe. Jakin ya fara fitowa, don shi kaɗai ke da kunne da ƙafa. Alhaji ya yi ta dariya yana cewa yau kuma jaki aka kawo wa sojan ruwa. Muka shiga tokar. Ba mu gama a ranar ba, ba mu gama washegari ba. Ina jin tun da wuri ya gane, don ya daina tambayar wane irin jirgi ne. Da kan dutsen ya fito sosai, da tsagoginsa da 'yan itatuwan da suka maƙale a jikinsa, sai ya janye hannu ya jingina da kujera.

Ya ce, "Shi ne?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin rawani. Amna ta dawo daga aiki a daidai lokacin, ya kira ta ya ce ta zo ta haɗa masa sama. Ta zauna tana saka shuɗin nan ɗaya bayan ɗaya, yana kallonta, ba hoton yake kallo ba. Da ta saka na ƙarshe ya ce ta je ta kira uwarta. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam Lawali, ka ɗauko magana tun daga Gusau, ka riƙe ta a baki har yau. Na ga wahalar da ka sha. Faɗe ta."

Duk jawabin da na tanada ya gudu. Na ce, "Muna roƙon ka ba Nazifi Amna."

Ya ce, "Na ba ku. Amma ba za ku ɗauke ta ba, ni zan kai ta da ƙafata."

Hajja Batula ta rangaɗa guɗa daga ƙofa, irin tasu mai kaɗa harshe, har maƙwabta suka leƙo ta baranda. Na kira Nazifi a waya, ya zo a guje da silifas ɗaya nasa ɗaya na abokinsa. Ya durƙusa gaban Alhaji. Goron da ya tsira daga bakin jami'in filin jirgi a ranar aka raba shi.

An shafa fatiha bayan sallar Juma'a a masallacin ƙasan benensu. Hausawan Sudan suka zo, ɗalibanmu suka zo, har Masarawan unguwa. Aka ci agashe, wanda ba komai ba ne illa tsirenmu da ƙuli da yaji ya yi hijira ya canza suna, aka sha godogodo mai kama da kunun gero da nono. Wani ɗan garinmu da ke aiki a ofishin jakadanci ya gayyace mu gidansa a Zamalek, wani tsibiri a tsakiyar Nilu mai itatuwa da shiru, inda ko hon ɗin mota a hankali ake yi. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Alhaji ya ci malmala biyu, ya nemi a ƙulla masa ta uku.

Don masu tambaya, e, na je na ga dalar Fir'auna ta gaske. Tana da girma, ba ƙarya. Wani ya biyo ni da raƙumi wai in hau a ɗauke ni hoto. Na sa Nazifi ya gaya masa ni na girma ina korar raƙuma daga gonar wake, ba zan zo Masar in hau don nishaɗi ba. Tsarabata kuwa bazil ce, na hasumiyar Alƙahira da na ganuwar bakin teku, ga kuma jirgin nan mai ramuka, wanda Alhaji ya ce in tafi da shi tunda ni na ci shi da yaƙi. Jikokina sun haɗa hasumiyar kafin in gama neman tabarau.

Ana nan ana haɗa takardun zuwansu. Kafin nan, makon da na dawo na shiga mota na je Kwatarkwashi. Na tsaya inda mijin Zainab ya tsaya, na kira Amna ta wayar da ake ganin juna, ta miƙa wa mahaifinta. Na ɗaga wayar saitin dutse. Ya san shi ciki da waje. Ya ce ga tsagar nan da ta ba mu wahala, ga itacen da na yi ta saka shi a kife. Sannan ya ce in juya hagu, yana so ya ga abin da ke bayan inda hoton ya ƙare.

Na juya. Gari ne, da rumbuna da tumaki da hayaƙin girki. Wata tsohuwa tana zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa, ta ga ina magana da waya a sama ta tambaye ni da wa nake. Na matsa na nuna mata. Ta kare ido da hannu ta leƙa, ta ga dattijo da rawani yana kallonta. Ta gaishe shi, ya amsa, ta ce ɗan gidan wa ne.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Ni jikan Tumba ne, wadda aka tafi da ita gabas."

Tsohuwar ba ta san wata Tumba ba, ko uwarta ba lallai ta san ta ba. Amma ta gyaɗa kai kamar jiya aka tafi. Ta ce, "Allah sarki. Kun daɗe. To, yaushe za ka zo gida?"

Ya ce, "Bayan damina, Inna, in Allah Ya yarda."

Ta ce to ya zo da wuri, kafin a gama cin sabuwar gyaɗa.